Janye Robar Asibiti A Amurka: Idan Gemun Ɗan'uwa Ya Kama Wuta

Cikin shekarar 2023, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar Amurka, wadda a ke kira FDA, ta ba da sanarwar cewa kamfanin Teleflex da reshensa Arrow International suna janye waɗansu fakitocin robar jijiya daga asibitoci. Ba don robar ta karye ko tana yoyo aka janye ta ba. Laifin yana kan murfin fakitin ne. An rubuta a jikinsa cewa robar da ke ciki ba a shafa mata kome ba, alhali kuwa an shafe ta da wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna kuloheksidin. Saboda wannan kuskuren rubutu kaɗai, hukumar ta sa al'amarin a aji na ɗaya, watau ajin kayan da a ke tsoron za su iya yi wa mutum mummunan lahani, ko ma su kashe shi.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan mai sayar da goro a Agege, ko mahauci a Sabo ta Badun, da abin da ya faru a asibitocin Amurka? Ruwansa ya yi tsaki. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibiti a ƙasar nan ya san 'yar takardar nan da nas kan miƙo, a ce da shi ya je ya sayo abin da aka rubuta. Sau da yawa a cikin abubuwan akwai roba, da jakar fitsari, da safar hannu, da sirinji. Mai jinya kan fita da sauri, wani lokaci cikin dare, ya miƙa wa mai kemis takardar, ya karɓi abin da aka ba shi, ya biya, ya komo. Shi bai karanta ba, mai kemis bai buɗe ba, nas kuwa rubutun da ke bisa fakitin kaɗai za ta duba. Mafi yawan irin waɗannan kaya daga ƙasashen waje a ke shigo da su. Don haka abin da ya sami masana'antar wata ƙasa darasi ne ga mai jinyar wannan ƙasa.

Da farko ya kamata a san abin da a ke magana a kai. Abin da likitoci ke kira kateta siririn bututu ne mai laushi wanda a ke zurawa cikin jiki don a fitar da ruwa ko a shigar da shi. Wanda jama'a suka fi sani shi ne robar fitsari. Irin wadda aka fi amfani da ita tana ɗauke da sunan wani likitan Amurka, Frederic Foley, wanda ya fito da ita cikin shekarun 1930. A kusa da bakinta akwai ɗan balan-balan da a ke cikawa da ruwa bayan ta isa mafitsara, don ya riƙe ta kada ta zame. Akwai kuma robar jijiya, wadda a ke sawa cikin babbar jijiyar jini ta wuya, ko ta ƙasan ƙashin wuya, ko ta matsematsi, har bakinta ya kai kusa da zuciya. Ta nan a ke ba mai tsananin ciwo magani da ƙarin ruwa, da irinta kuma a ke fara yi wa mutane da yawa wankin ƙoda.

A ƙasashen da suka ci gaba, galibi ba a sayar da robar ita kaɗai. A kan haɗa ta ne cikin fakiti guda tare da duk abin da aikin zai bukata. Fakitin robar fitsari kan zo da safar hannu, da auduga, da maganin goge fata, da man santsi, da sirinji mai ruwan cika balan-balan, da jakar tara fitsari. Na robar jijiya kan zo da allura, da siririyar waya da ke yi wa robar jagora, da 'yar aska, da zaren ɗinki. Bayan an jera su, sai a rufe fakitin, a kashe duk wata ƙwayar cuta da ke ciki. Daga nan ba mai buɗe shi sai a gefen gadon maras lafiya, domin da zarar an buɗe, tsabtarsa ta fara tafiya. Wannan dabara tana da amfani ƙwarai. Tana rage ɓata lokaci, tana kuma rage hannuwan da ke taɓa kayan. Amma tana da sharaɗi guda mai nauyi: tun da ba a iya buɗewa a duba a mayar, rubutun da ke bisa murfi shi ne idon likita. Idan rubutun ya yi ƙarya, an rufe wa likita ido ke nan.

Shi maganin nan kuloheksidin ba mugun abu ba ne. Da shi a ke goge fata kafin tiyata, da shi a ke wanke baki, shi ne kuma a ke shafa wa cibiyar jarirai a asibitoci da yawa na ƙasar nan. An shafa shi a jikin robar jijiya ne don ya hana ƙwayoyin cuta bin ta su shiga jini. Sai dai akwai mutane kaɗan waɗanda jikinsu ba ya karɓarsa. Wani abin kan tsaya masa a ƙaiƙayi da borin jini. Wani kuwa cikin 'yan mintoci maƙogwaronsa zai kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya sauka, in ba a yi gaggawa ba rai ya yi halinsa. Likitan da ya san maras lafiyarsa yana da wannan lalura zai ce a kawo masa robar da ba a shafa ba. Ya yi abin da ilminsa ya ce ya yi. Ya karanta murfi, ya ga abin da ya ke nema, ya zura wa mutum abin nan da ya ke gudu har kusa da zuciyarsa.

An daɗe da sanin wannan haɗari. Cikin 1997 aka janye irin wannan roba mai shafe da magani daga kasuwar Japan, bayan da waɗansu marasa lafiya suka galabaita sa'ad da aka sa musu ita. Cikin 1998 hukumar FDA ta gargaɗi likitocin Amurka game da kayan asibiti masu ɗauke da kuloheksidin. Wani babban bincike da ƙungiyar likitocin sa barci ta Ingila ta fitar cikin 2018 ya nuna cewa, daga cikin mutanen da jikinsu ya yi irin wannan mummunan bori a ɗakin tiyata kuma aka gano dalili, kusan 1 cikin 10 wannan magani ne sanadi. Abin takaici kuma, kuskuren 2023 ba shi ne na fari ba. Cikin 2012 kamfanin Arrow International ya janye wani fakitin robar jijiya wanda aka rubuta a jikinsa cewa babu magani a ciki, alhali robar tana ɗauke da kuloheksidin tare da wani maganin na dangin salfa. Shi ma aji na ɗaya aka sa shi. Shekara 11 tsakani, kamfani ɗaya, kuskure iri ɗaya.

Ba magani kaɗai rubutun fakiti ke faɗa ba. Yana faɗin kaurin robar da tsawonta, kuma su ma rai ne. Ana auna kaurin ne da wani ma'auni da ya samo asali daga wani maƙerin kayan tiyata na birnin Faris, Joseph Charrière, inda kowace lamba 3 ta ke daidai da milimita 1. Manya galibi lamba 12 zuwa 16 a ke sa musu, yara kuwa ƙasa da haka. Batun tsawo ya fi wannan haɗari. Hanyar fitsarin mace gajera ce, ba ta wuce santimita 4 ko kusa da haka ba, ta namiji kuwa ta kai wajen santimita 20. Saboda haka a ke yin gajerar roba ta mata, mai santimita 20 zuwa 26, da doguwa mai santimita 40 zuwa 45. Idan aka sa wa namiji gajerar, balan-balan ɗin ba zai isa mafitsara ba, sai a cika shi da ruwa a tsakiyar hanya, ya yaga nama. Cikin 2009 hukumar kula da kare lafiyar majinyata ta Ingila ta yi gargaɗi bayan da ta ƙirga sau 114 da hakan ya faru tsakanin 2006 da 2008, har waɗansu suka zubar da jini mai yawa, waɗansu ƙodarsu ta taɓu. Waɗannan kurakuran ma'aikata ne wajen ɗauko roba daga kanta, fakitocin ba su yi ƙarya ba. To idan abin ya kai haka alhali rubutu na daidai, yaya zai kasance in masana'anta da kanta ta sa gajera cikin fakitin doguwa?

Akwai wata fuska kuma ta wannan al'amari. Sunan kamfani ɗaya a ke gani a bisa fakiti, amma kayan da ke ciki sau da yawa na masana'antu dabam-dabam ne. Wani ya yi roba, wani ya yi safa, wani ya ɗura ruwa a kwalba, sa'an nan wani ya tattara ya rufe. A watan Nuwamba na 2023 wani kamfani na jihar Texas mai suna Nurse Assist ya janye ruwan gishiri da ruwan wanke ciwo da ya ke yi, saboda babu tabbacin cewa ba su da ƙwayoyin cuta. Nan da nan sai abin ya zama ruwan dare. Kamfanonin da suka sayi wannan ruwa suka sa shi cikin nasu fakitocin, kamar Cardinal Health da Medline, dole su ma suka bi sahu, ciki har da fakitocin robar fitsari. Hukumar FDA ta yi ta ƙara sunayen kayan da abin ya shafa har cikin 2024. Tsoron kuwa yana da tushe, domin cikin 2016 sirinjojin ruwan gishiri na wannan kamfani suka jawo cutar jini ga mutum fiye da 160 a jihohi 5 na Amurka. Kwalba guda ƙarama, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ita ta ɓata fakiti dukansa.

Abin lura a nan shi ne yadda a ke kamo kayan bayan sun riga sun bazu. A Amurka dokar 1976 ce ta sa kayan aikin asibiti ƙarƙashin cikakken ikon hukumar FDA, wata dokar ta 1990 kuma ta ba ta ikon tilasta wa kamfani ya janye kayansa. Amma mafi yawan janyewar kamfanonin ne ke fara ta da kansu, don sun san abin da zai biyo baya in suka ɓoye. Hukumar kan raba janyewa aji uku: na ɗaya ga abin da zai iya kisa ko mummunan lahani, na biyu ga abin da lahaninsa kan warke, na uku ga abin da ya saɓa wa ƙa'ida amma da wuya ya cuci wani. Kamfani kan aika wa duk wanda ya sayar wa da kaya takardar gaggawa, ya faɗi sunan kayan da lambarsu, ya ce a ware su gefe, a ƙirga, a cika takardar shaida a mayar masa. Dillali kuma wajibi ne ya miƙa saƙon ga waɗanda shi ya sayar wa. Haka saƙon zai yi ta gangarawa har ya isa siton ƙaramin asibiti.

Duk wannan aiki a kan abu guda ya dogara, watau lambar zubi. Masana'anta ba ta yin kaya ɗai-ɗai. Zubi-zubi ta ke yi, kowane zubi da lambarsa, wadda a ke bugawa a jikin fakiti kusa da haruffan nan LOT, tare da ranar da wa'adin kayan zai ƙare. Idan aka yi kuskure wajen jera kaya ko manna takarda, galibi zubi ɗaya ko kaɗan ya ke shafa. Da wannan lamba a ke bin sawun kaya kamar yadda makiyayi ke bin sawun ɓatacciyar saniya. Cikin 2013 Amurka ta ƙara da dokar da ta ce kayan asibiti su riƙa ɗaukar wata lamba ta musamman wadda na'ura ke iya karantawa. Amma lamba ba ta da amfani in babu littafin da aka rubuta ta. Sai mai shigo da kaya ya rubuta wanda ya sayar wa, dillali ya rubuta nasa, asibiti ya rubuta wadda aka sa wa wane. Inda littafi ya yanke, nan sawu ya ɓace.

A nan ne maganar ta dawo gida. Nijeriya tana da hukumar da aka ɗora wa wannan nauyi, watau NAFDAC, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 15 ta 1993, kuma kayan aikin asibiti suna cikin abubuwan da doka ta ce sai ta yi musu rajista kafin a shigo da su ko a sayar. Hukumar takan fitar da sanarwar gargaɗi a kan kayan da aka janye a gida ko a waje. Sai dai sanarwar da Turanci ta ke fitowa, a intanet kuma aka fi samunta. Hanyar da kaya ke bi kuwa doguwa ce mai rassa. Daga tashar jiragen ruwa ta Ikko su shiga hannun manyan 'yan kasuwa, daga nan a fasa kwali a sayar da dozin-dozin, wani ya sayi guda goma ya loda a motar Kano ko ta Sakkwato, wani ya jera guda biyar a kemis ɗin bakin asibiti. A wurare da yawa babu rasit mai ɗauke da lambar zubi. Idan takardar gaggawa ta fito daga masana'anta, a tebur na farko za ta kwana.

Ƙasar nan ta riga ta ɗanɗani ɗacin rubutun da ya saɓa da abin da ke cikin mazubi. Cikin 1990 yara fiye da 100 suka rasu a Badun da Jos bayan sun sha maganin zazzaɓi na ruwa, wanda aka haɗa da wani ruwan guba da aka sayar da sunan ruwan haɗa magani. Cikin 2008 abin ya maimaita kansa da maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda aka yi a Ikko. An hana sayar da shi a watan Nuwamba na shekarar, zuwa watan Fabrairu na 2009 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ce yara 84 suka rasu. A watan Fabrairu na 2025 kuma hukumar NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Idumota a Ikko, da bakin gadar Anacha, da Ariaria ta Aba, ta kwashe lodi-lodi na magungunan jabu da waɗanda wa'adinsu ya ƙare. Waɗannan duk magunguna ne, amma hanyar da su ke bi zuwa hannun jama'a ita ce robar asibiti ke bi.

Baƙon da ya baro gida ya zo neman abinci a Kudu shi ya fi kowa shiga wannan haɗari. Sau da yawa ba ya jin harshen garin sosai, Turancinsa kuma na ciniki ne. Ba shi da dangi mai aikin asibiti da zai kira ya tambaya. Kunya da gudun raini kan hana shi cewa bai gane ba. Kuɗin jinya kuma karo-karo ne na 'yan'uwa da abokan sana'a, don haka idan mai kemis ya nuna masa iri biyu, mai araha zai ɗauka. Ga shi kuwa masu bukatar robar nan suna da yawa: dattijon da fitsari ya toshe masa, matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, ɗan acaɓan da ya yi haɗari, mai ciwon ƙoda da ke jiran wanki.

Kada wani ya fahimci wannan magana a baibai, ya ce daga yau ba za a sa wa nasa roba ba. Wannan zai fi kuskuren farko muni. Mutumin da fitsari ya toshe masa, in ba a buɗe masa hanya ba ƙodarsa ce za ta lalace. Dokta Kees Waaldijk, likitan nan ɗan ƙasar Holan da ya shafe shekaru yana aiki a asibitin Babbar Ruga ta Katsina, ya nuna cewa idan aka sa wa matar da ta sami yoyon fitsari roba da wuri bayan haihuwa, waɗansu kan warke ba tare da tiyata ba. Robar nan ta ceci rayukan da ba su ƙirguwa. Haka kuma yawan jin labarin janye kaya daga wata ƙasa ba ya nuna kayanta sun fi na kowa lalacewa. Abin da ya ke nunawa shi ne a can ana dubawa, ana kuma faɗa. Ƙasar da ba a taɓa jin an janye kome a cikinta ba, ita ce abar tsoro. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wannan kuwa ba ya wanke kamfanonin. Wanda ya karɓi kuɗin mutane a kan cewa abin da ya rubuta shi ne abin da ya rufe, amana ya ɗauka. Janye kaya bayan sun isa asibiti magani ne na bayan ɓarna. Abin da ya fi shi shi ne a tsananta dubawa a kan teburin jera kaya, kafin a rufe murfi. Kamfanin da ya maimaita kuskure iri ɗaya ya cancanci a titsiye shi ya faɗi abin da ya gyara bayan na farko.

Game da gida kuwa, akwai abubuwan da ba su bukatar jiran wani babban kasafi. Na farko, ya kamata hukumar NAFDAC ta tsaya tsayin daka a kan cewa duk mai shigo da kayan asibiti ya ajiye littafin da ke nuna lambar zubi da sunan wanda ya saya, haka shi ma dillali, kuma jami'anta su riƙa neman ganin littafin. Mai shigo da kayan da ya sami takardar janyewa daga masana'anta ya danne ta, a soke rajistarsa.

Na biyu, sanarwar janye kaya ta fito da harsunan da jama'a ke ji. A karanta ta a rediyo da Hausa, da Yarabanci, da harshen Ibo, da Turancin kasuwa, a faɗi sunan kayan da lambarsu dalla-dalla, a maimaita. A kuma aika ta kai tsaye ga ƙungiyoyin masu kemis na kowace jiha, domin su ne ke riƙe da kanta ta ƙarshe.

Na uku, asibitocin gwamnati su koma ajiye irin waɗannan kaya a sitonsu, su saya daga dillalai masu rajista, su sayar wa majinyata a kan farashi sananne. Bai dace a ce wanda bai san bambancin lamba 12 da lamba 18 ba shi ne mai sayo wa asibiti kayan aiki da tsakar dare. Inda kuwa dole ta sa aka aiki mai jinya, to nas ta karanta fakitin a gabansa kafin ta buɗe, ta duba abin da ya fito ko ya dace da rubutun, ta kuma rubuta lambar zubin a katin maras lafiya. Aikin minti ɗaya ne. Idan ta ga saɓani, ta ajiye fakitin ta kai rahoto, kada ta jefar ta ɗauko wani ta yi shiru, domin 'yan'uwan wannan fakiti suna nan a wata kantar suna jiran wani.

Na huɗu ya shafi mai jinya da kansa. Ya sayi kaya a kantin magani mai rajista, ya nemi rasit. Ya duba fakitin ko ya huje, ko ya jiƙe, ko an taɓa buɗe shi an liƙe. In haka ne kada ya karɓa, kome arharsa, domin araha ba ta ado. Ya sa a nuna masa ranar ƙarewar wa'adi. Ya sa mai kemis ya gwada lambar da likita ya rubuta da wadda ke jikin fakitin, ya kuma faɗa masa ko maras lafiyar namiji ne, ko mace, ko yaro. Bayan an yi aiki, ya roƙi a ba shi takardar murfin ya adana, ko ya ɗauki hotonta da wayarsa. Idan kuwa maras lafiyar ya taɓa yin borin jini ko sarƙewar numfashi bayan an shafa masa wani magani, ko an ba shi na wanke baki, ko ya sa safar roba, to a faɗa wa likita tun kafin a fara, ko da ba a tambaya ba. Takardar haƙƙin majinyata da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar cikin 2018 ta ba maras lafiya ikon a yi masa bayani da harshen da ya ke ji. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyar, sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni na Agege, da Idi-Araba, da Sabo ta Badun, da Shagamu, da Anacha, da Fatakwal suna da rawar takawa. A kowace unguwa ba a rasa yaran da suka yi makaranta, waɗansu ma ma'aikatan lafiya ne. A ware mutum biyu ko uku waɗanda za a iya kira su raka mai jinya, su karanta masa takarda, su kuma riƙa sauraron sanarwar hukuma suna isar da ita ga jama'a. 'Yan kasuwar da ke sayen kayan asibiti a Kudu suna aikawa Arewa su ma su sani cewa rasit da lambar zubi kariya ce gare su, ranar da za a zo ana tambayar inda kaya suka fito.

Amurka da duk dokokinta, da na'urorinta, da littattafanta, kuskure ya tsallake masana'anta ya isa asibiti, sai da aka bi shi da takarda aka kamo. A inda babu littafi, babu mai bin sawu, kuskuren zai zauna a kanta har ranar da za a aiko wani da 'yar takarda cikin dare ya saye shi da kuɗinsa. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, ruwan shafawa kuwa ba shi da tsada: littafi a hannun dillali, sanarwa a rediyo, da minti ɗaya na karatu a gefen gado. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kuma ba waɗanda aka damƙa wa amanarsu ikon riƙe ta.